Masu busa biyar da waƙoƙin Duke Ellington: ina sabon abin yake?

Tambaya: Malam, na saurari kundin ƙungiyar Canadian Brass mai suna Take the A Train, wanda aka ce tsofaffin waƙoƙin jaz ne aka yi musu sabon tsari. Tunda waƙoƙin ba nasu ba ne, kuma ƙungiyar ta masu busa biyar ce kawai, babu mai ganga babu mai fiyano a cikinta, mene ne sabon da ake magana a kai, kuma ya dace a kira abin da suke yi jaz?

Amsa: Malam mai tambaya, sabon abin da kake nema yana hannun mutumin da ba ka ji busarsa ko sau ɗaya ba a cikin kundin, wato Luther Henderson, wanda ya zauna ya rubuta wa kowane ɗaya daga cikin mutanen nan biyar abin da zai busa. Kamfanin RCA Victor ne ya fitar da kundin a 1999, shekarar da marigayi Duke Ellington, mai fiyano kuma jagoran ƙungiyar jaz wanda aka gina kundin a kan kiɗansa, ya cika shekara 100 da haihuwa, domin an haife shi a birnin Washington ranar 29 ga Afrilu, 1899. Kundin ya shiga jerin 'yan takarar lambar yabo ta Grammy, amma a rukunin da aka ware wa kiɗan gargajiyar Turai da ya haɗu da wani salon, ba a rukunin jaz ba, kuma wannan kaɗai ya nuna cewa tambayarka ta biyu ba kai ne farkon wanda ta dama ba.

Sanannun waƙoƙin jaz, waɗanda kowane makaɗi ake sa ran ya haddace, yawancinsu an rubuta su ne tsakanin shekarun 1920 da 1950, wasu domin wasannin dandamali na Broadway da finafinai, wasu kuma makaɗan jaz ne da kansu suka ƙaga su. Abin da ake gada daga irin wannan waƙa ɗan kaɗan ne ƙwarai: karin waƙar, da jerin haɗe-haɗen sautukan da ke tallafe da shi, da tsawonta, wanda galibi gaɓa 32 ne (kowace gaɓa rukunin bugu huɗu ce) da aka raba gida huɗu, na farko da na biyu da na huɗu iri ɗaya, na uku kuma ya bambanta. Duk wannan bai wuce shafi ɗaya ba. Saurin da za a yi kiɗan da shi, da wanda zai ɗauki karin, da abin da sauran za su riƙa yi a bayansa, da yadda za a shiga da yadda za a fita, babu ko ɗaya da shafin ya ƙayyade. Saboda haka duk wanda ya yi irin wannan waƙa, ko ya rubuta ko bai rubuta ba, tsari ya yi mata, kuma a wannan fage ana auna gwaninta ne da abin da mutum ya yi da waƙar da kowa ya riga ya sani.

An kafa Canadian Brass a Toronto ta Kanada a 1970, kuma Charles Daellenbach mai busa tuba da Gene Watts mai busa turambon su ne ginshiƙanta. Zubinta shi ne wanda ƙungiyar New York Brass Quintet ta yaɗa tun daga shekarun 1950: tarampet biyu, ƙahon Faransa ɗaya, turambon ɗaya, tuba ɗaya. Dukkansu kayan busa ne na tagulla, kuma hanyar fitar da sautinsu ita ce ta kakakin da ake busa wa sarakunanmu: leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a bakin bututu, bututun kuma ya ƙarfafa wasu sautuka ƙalilan daidai da tsawonsa. Abin da ya sa kakaki ya tsaya a sautuka biyu ko uku, tarampet kuwa yake iya kowane kari, shi ne bawul, wanda aka yi wa rajista a Jamus a 1818, kuma aikinsa ƙara wa bututun tsawo idan an danna shi. Bututun tarampet bai kai mita ɗaya da rabi ba idan aka miƙe shi, na turambon ya kusa mita 3, na babbar tuba kuwa ya haura mita 5, kuma wannan bambancin tsawo ne ya ba ƙungiyar muryoyi tun daga sama har ƙasa. Abu biyu ne ya kamata ka riƙe game da su duka: kowanne sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, kuma kowanne da numfashin ɗan Adam yake aiki.

To, ƙungiyar Ellington da ta naɗi waƙar Take the A Train ranar 15 ga Fabrairu, 1941, mutum 15 ce: masu tarampet uku, masu turambon uku, masu saksafon da kilarinet biyar, sai fiyano da jita da babban gogen nan na tsaye da ake tsinka da yatsu, da ganguna. Waƙar ma ba Ellington ya rubuta ta ba, Billy Strayhorn ne, kuma ta zama taken ƙungiyar a shekarar da rikici tsakanin gidajen rediyon Amurka da ƙungiyar marubuta waƙoƙi ta ASCAP ya hana a watsa waƙoƙin Ellington kansa. Aikin Henderson shi ne ya ɗauki abin da mutum 15 suka yi ya ɗora wa mutum 5, kamar telan da aka ba yadi biyar aka ce ya fitar da babbar rigar da aka saba ɗinkawa da goma sha biyar; dole ya san abin da zai bari da kuma abin da idan ya bari rigar ta tashi daga riga.

Matsala ta farko ita ce ta haɗin sautuka. A kiɗan jaz, haɗi ɗaya yakan ƙunshi sautuka huɗu a ƙalla, sau da yawa biyar ko shida, har bakwai, kuma mai fiyano yana iya danna su gaba ɗaya da yatsunsa goma. A ƙungiyar mutum biyar, ɗaya ya tafi da karin waƙa, ɗaya ya tafi da muryar ƙasa, saura uku. Masu tsara kiɗa sun daɗe da gano cewa sauti na uku da na bakwai na kowane haɗi, idan aka ƙirga matakai daga tushensa, su ne ke bayyana halinsa, ko mai haske ne ko mai duhu, ko yana zaune ne ko yana neman wucewa zuwa na gaba, shi ya sa ba a taɓa su, sai a sadaukar da na biyar, wanda kunne ke cikewa da kansa. Mutum na uku da ya rage shi ake ba sautin da zai ƙara ɗanɗano. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta aiki a makance, kuma waƙar da kundin ya ɗauki sunanta misali ce mai kyau. An rubuta ta a kan sautin C, amma a gaɓa ta uku da ta huɗu haɗin ya koma kan D, karin waƙar kuma ya sauka ya daɗe a kan G da aka ɗaga da rabin mataki, sautin da ba ya cikin gidan C ko kaɗan. Wannan ɗan karkacewa shi ne alamar waƙar, shi ne kunne ke ganewa kafin komai, kuma yana zaune ne daidai wurin sauti na biyar ɗin da aka saba zubarwa. Mai tsari da ya san aikinsa zai jera sauran muryoyi huɗun ta yadda wannan sauti zai fito da kaifinsa, wanda bai sani ba kuwa zai lulluɓe shi har waƙar ta yi lami.

Akwai kuma batun tazara tsakanin muryoyi. Idan aka matse sautuka kusa da juna a ƙasa, wurin tuba da turambon, sai su cakuɗe su zama gurnani, saboda haka ana buɗe tazara a ƙasa a matse a sama. Da wannan dabara ce mutum biyar ke iya cika ɗaki har mai sauraro ya zaci sun ninka haka.

Matsala ta biyu, wadda a ganina ita ce mafi wuya, ita ce ta tafiyar kiɗa ba tare da ganga ba. Rausayar da aka san jaz da ita tana fitowa ne daga abubuwa biyu: raba kowane bugu gida biyu marasa daidaito, na farko dogo na biyu gajere, da kuma jingina nauyi a kan bugu na biyu da na huɗu na kowace gaɓa. A ƙungiyar da ta cika, mai ganga da mai babban goge ne ke riƙe wannan ba tare da tsayawa ba, masu busa kuma su shiga su fita yadda suka ga dama. A ƙungiyar tagulla zalla nauyin ya faɗa kan mai tuba, kuma a nan lissafi yake nuna girman aikin. Gaɓa 32 mai bugu huɗu-huɗu bugu 128 ke nan. Idan ana tafiya da bugu 160 a minti ɗaya, zagaye guda na waƙar daƙiƙa 48 ne, kuma waƙa takan yi zagaye uku ko huɗu. Mai tsinka goge zai yi sautuka 128 a jere bai damu ba, domin yatsa ba ya numfashi, amma mai tuba, wanda kayan busarsa ya fi kowanne shan iska, dole ya saci numfashi a tsakanin sautuka, kuma duk inda ya makara da ƙiftawar ido tafiyar kiɗan ta yi tuntuɓe. Don haka mai tsari yakan sa tuba ta yi sautuka biyu kawai a gaɓa a wasu wurare, ko ya miƙa muryar ƙasa ga turambon na 'yan gaɓoɓi, ko ya tsayar da kowa cak ya bar mutum ɗaya ya cike gurbin, ko ya sa ƙahon Faransa da tarampet na biyu su riƙa sara gajerun sautuka a bugu na biyu da na huɗu a madadin ganga. Mai sauraro yana jin waɗannan a matsayin ado, alhali rabinsu hutu ne aka ɓoye.

Ba baƙon abu ba ne tuba ta riƙe ƙasan jaz. A New Orleans, inda kiɗan ya tashi a farkon ƙarni na 20, ƙungiyoyin badujala masu tafiya a titi wajen jana'iza da bukukuwa da ita suke aiki, kuma ƙungiyoyin rawa da yawa na shekarun 1920 sun riƙe ta, musamman da yake na'urar naɗar sauti ta wancan lokaci ba ta kama babban goge sosai. Bayan shigowar naɗi da lantarki a 1925, da kuma komawar kiɗan zuwa bugu huɗu a jere, sai goge ya ture ta a farkon shekarun 1930. Ta sake dawowa ta wata ƙofa a 1949 da 1950, lokacin da Miles Davis ya naɗi kiɗa da ƙungiyar mutum tara wadda Gil Evans da Gerry Mulligan suka yi wa tsari, inda aka sa tuba da ƙahon Faransa cikin muryoyin da ke ɗaukar kari. Canadian Brass sun san wannan tarihi, shi ya sa suka saba buɗe wasanninsu da shigowa ta tsakiyar 'yan kallo suna tafiya a hankali irin ta jana'izar New Orleans.

Matsala ta uku ita ce ta launin sauti da gajiyar leɓe. Ellington ba wa kayan busa yake rubutu ba, wa mutane yake yi, kuma rabin abin da ya sa kiɗansa ya bambanta muryoyin waɗannan mutane ne. Bubber Miley mai tarampet da Joe Nanton mai turambon sun shahara da riƙe robar nan da ake zuƙe toshewar magudanar banɗaki da ita a bakin ƙahonsu, suna buɗewa suna rufewa har sautin ya zama kamar magana ko kuka. A waƙar Mood Indigo ta 1930 Ellington ya juya tsarin da aka saba, ya hau da turambon can sama, ya saukar da kilarinet can ƙasa, ya sa tarampet mai marufi, wato abin da ake toshe bakinsa da shi don sauya sauti, tare da su, sai aka sami wani sauti da ba a taɓa ji ba daga kayan busa uku kacal. Wannan ɓangare na gadon Ellington ya dace da masu tagulla ƙwarai, domin marufai iri-iri nasu ne, kuma mai tarampet yana iya sauyawa zuwa ƙaramin tarampet mai tsananin zaƙi ko zuwa fulugel mai taushi. Inda abin ke gagara shi ne saksafon. Babu abin da ke cikin tagulla da zai maye gurbin zamiyar Johnny Hodges ko kaurin Harry Carney, kuma ƙahon Faransa, wanda galibi ake ɗora wa wannan aiki, bakinsa baya yake kallo, hannun mai busa yana ciki, sautinsa sai ya bugi bango kafin ya iso, don haka yakan zo da ɗan jinkiri da laushin da ba ya son kaifin rausaya. Game da leɓe kuwa, mai tarampet ba zai iya zama a sama na minti huɗu a jere ba, shi ya sa za ka ji karin yana yawo tsakanin tarampet na ɗaya da na biyu, wani lokaci a tsakiyar jimla.

Dalilin da ya sa wannan kundi ya fi yawancin ire-irensa shi ne Henderson ba daga nesa ya hango Ellington ba. An haifi Henderson a 1919, ya tashi a unguwar Harlem, ya yi karatun kiɗa a makarantar Juilliard da ke New York, kuma Ellington da kansa ya riƙa ba shi ayyukansa domin ya faɗaɗa su ga manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai. Ya yi wa mawaƙiya Lena Horne jagorancin kiɗa, ya kuma yi shekaru yana tsara kiɗan wasannin Broadway, ciki har da wasan 1978 da aka gina a kan waƙoƙin Fats Waller. Hulɗarsa da Canadian Brass ta haura shekara 20, ya rubuta musu tsare-tsare sama da 100 kafin rasuwarsa a 2003. Wato mutum ne da ya san yadda makaɗan Harlem ke furta jimla, ya kuma san yadda zai rubuta ta a takarda ga waɗanda suka koyi busa a kan kiɗan Bach da Gabrieli, tsofaffin marubuta kiɗan gargajiyar Turai, kuma samun wanda ya haɗa biyun nan ba abu ne mai sauƙi ba.

Sai tambayarka ta biyu. Idan ma'aunin jaz shi ne ƙirƙira nan take, wato mai busa ya tashi ya ƙago sabon kari a kan haɗe-haɗen waƙar ba tare da ya san inda zai ƙare ba, to mafi yawan abin da ke cikin wannan kundi bai cika sharaɗin ba, domin a rubuce yake, har da wuraren da ke kama da ƙirƙira. Amma ban yarda a tsaya a nan ba, saboda rubutu tsohon abu ne a cikin jaz. Tun shekarun 1920 Don Redman yake rubuta wa ƙungiyar Fletcher Henderson, wanda wani Henderson ne daban, kuma manyan ƙungiyoyin shekarun 1930 da takarda a gabansu suke busa. Busar kaɗaici da Ray Nance ya yi da tarampet a naɗin 1941 ta kafu har ta zama ɓangaren waƙar, masu zuwa bayansa a ƙungiyar Ellington suka riƙa maimaita ta kusan sauti da sauti. Hukuncina shi ne kundin kiɗan zaure ne irin na gargajiyar Turai da aka rubuta da harshen jaz, rubutu na wanda harshen nasa ne. Ƙarfinsa yana cikin tsabta da daidaito da hikimar rabon aiki, rauninsa kuma yana fitowa daga wuri ɗaya da ƙarfin, domin masu busar da aka horar a kan fitar da kowane sauti tas sukan yi wa jimlar jaz adalcin da ba ta nema, su furta sautukan da ɗan jaz zai haɗiye, su tsaya daidai kan bugu inda shi zai ɗan ja baya. A waƙoƙi masu tafiya a hankali ba a cika jin wannan ba, amma a masu sauri kunnen da ya saba da Sonny Greer na ƙungiyar Ellington a kan ganguna zai ji akwai abin da babu.

Idan kana son ka ji tagulla da ƙirƙira nan take a wuri ɗaya, akwai hanyoyi biyu da suka bi ta wani gefen. Lester Bowie, mai tarampet na ƙungiyar Art Ensemble of Chicago, wanda ya yi watanni a Legas a 1977 yana busa tare da Fela Kuti, ya kafa ƙungiyar Brass Fantasy a 1984 da tarampet huɗu da turambon biyu da ƙahon Faransa da tuba, amma ya riƙe mai ganga, kuma kundinsu na farko ya fito a kamfanin ECM a 1985. Su ma tsofaffin waƙoƙi suke ɗauka, har da na rediyo da 'yan jaz ke rainawa, sai dai tsarin nasu shimfiɗa ce kawai da kowane mai busa zai hau ya yi abin da ya zo masa, da gurnani da shaƙiyanci da komai. Ƙungiyar Dirty Dozen Brass Band ta New Orleans kuma, wadda ta fara a 1977, ta sa waƙoƙin Thelonious Monk da Charlie Parker a kundinta na 1984 a kan gangunan titi da susafon, wato tubar da ake ratayawa a kafaɗa, kodayake su suna da saksafon a cikinsu. Abin lura shi ne dukkan biyun ba su yarda su rabu da ganga ba, kuma wannan yana nuna girman abin da Henderson ya ɗauko da ya amince ya rubuta wa ƙungiyar da ba ta da ita.

Shawarata, malam, ita ce ka nemi naɗin 1941 ka saurare shi har ka iya bin gidajen nan huɗu na waƙar ba tare da ka ɓace ba, sa'an nan ka koma kan kundin 1999. A sauraro na farko ka bi tuba ita kaɗai, ka lura da inda take numfashi da wanda ke riƙe mata a lokacin. A na biyu ka bar karin waƙar ka bi ƙahon Faransa da turambon, domin a waɗannan muryoyi na tsakiya ne mai tsari ke yin mafi yawan aikinsa, kuma su ne lasifikar waya ke fara haɗiyewa, saboda haka ka yi amfani da abin sauraro na kunne ko lasifika mai fitar da muryar ƙasa.